Hannu a Cikin Laka

Wada maƙeri, wanda ake kira usta don gwanintarsa, ya hure garin itacen da ya maƙale a ƙotar bindigar, ya juya ta sau biyu a tafinsa, sannan ya miƙa wa Eltayeb.

"Riƙe mu gani."

Eltayeb bai karɓa ba. Ya cusa hannuwansa biyu a aljihun jallabiya, ya shiga kallon rufin kwanon maƙerar.

"Ya usta, ai na faɗa maka ba tawa ba ce. Ta wani manomi ce can wajen Mafaza. Birai sun hana shi sakat."

"Birai. Da 'yar guntuwar bindiga irin wannan zai kori birai? To, Allah ya taimaka. Ka ce masa ya zo."

"Hanya nisa, ya usta. Ga shingayen sojoji."

"Wanda ya iya jiran kwana goma zai iya hawa lori."

Kwana goma ke nan da Eltayeb, direban raksha, wato babur ɗin nan mai ƙafa uku, ya kawo wannan aikin. Bindiga ce irin ta mutanen da, wadda ake ɗura mata albarushi ta baki, a harba sau ɗaya, a tsaya a sake ɗurawa. Wada ya gama ƙarfen, ya fara sassaƙa ƙotar da icen bagaruwa. Saura kunama, ɗan ƙarfen da yatsa ke ja. A nan aikin ya tsaya cak, kuma duk unguwar Hausawan Gadarif an san a nan aikin Wada yake tsayawa.

Shekara ashirin ya yi bai taɓa irin wannan aiki ba. Lauje yake ƙera wa masu yankan riɗi, da fartanya, da gyaran abin da tarakta ta karya a gona. Sai yaƙi ya ɓarke, garin ya cika da mutanen Hartum da na Madani, har makarantu suka zama gidajen kwana. Tsoro ya shiga kowane gida. Masu hali suka sayi Kalash, marasa hali kuma suka tuna cewa Wada ɗan Malam Suleiman ne, wanda ya ƙera wa maharban bakin kogin Rahad bindigogi tun kafin a haifi yawancinsu.

Sana'ar ya gada, da dokarta. Malam Suleiman ba ya sa kunama sai mai bindiga ya zo da ƙafarsa ya riƙe ƙota. Dalilin da yake faɗa wa mutane shi ne hannu ba ɗaya ba ne: in kunama ta yi gaba da yawa, yatsa ya yi ta miƙa, bakin bindiga ya kauce, in ta matso da yawa, sai ta tashi tun mai ita bai gama shawara ba. Wannan gaskiya ne. Amma akwai dalili na biyu, wanda ɗansa kaɗai ya faɗa wa. Lokacin da maƙeri ya kama wuyan hannun mutum zai yi alama da gawayi, yakan ji abin da ke ransa. Mai tsoron ɓarawo surutu gare shi, hannunsa a sake. Wanda ya riga ya zaɓi wanda zai harba shiru yake yi, jijiyarsa a ɗaure. Mutum huɗu tsohon ya sallama a rayuwarsa, ba tare da ya gaya musu dalili ba.

Eltayeb ya yi ajiyar zuciya, ya fita zuwa rakshar, ya dawo da wani ƙullin tsumma.

"An ce in ka matsa, in ba ka wannan. Ni ban san mene ne ba, wallahi. An dai ce kada in bari ya faɗi."

Wada ya goge hannu a gaban rigarsa ya kwance ƙullin. Curin laka ne, baƙar lakar Gadarif, an naɗa ta a guntun karan dawa an matse, an shanya a inuwa. Sawun yatsu ya fito raɗau. Uku sun zagaye karan, manuniya ta miƙe gaba ta ɗan lanƙwasa, daidai yadda za ta kwanta a kan kunama.

Ya gane tun kafin ya gama dubawa.

Dabarar mahaifinsa ce. Da damina, lokacin da hanyoyin ƙasar nan ke zama taɓo, ba lorin da ke motsi, in maharbin da ya sani sarai ya kasa zuwa, sai ya aika masa a matse laka a kawo. An fi shekara talatin ba a yi ba. Mutum uku suka san dabarar. Ɗaya yana kabari, ɗaya ga shi a tsaye, ta ukun kuwa ita ce yarinyar da ake sa wa kwaɓa lakar.

Ya kai curin bakin ƙofa inda haske ya fi, ko da Allah zai sa ya ƙaryata kansa. Hannun hagu ne, ƙarami. Gaɓar ƙarshe ta manuniyar ta karkace waje guda. Ya san karkacewar nan fiye da yadda ya san fuskarsa, don shi ya yi ta. Yana ɗan shekara goma sha uku, ƙanwarsa Ummusalama tana bakwai, ta riƙe masa ƙarfe a kan uwar maƙera, ya ɗaga masaba yana kallon wani waje.

"Tayeb."

"Na'am, ya usta."

"Manomin nan naka na Mafaza, shayi yake sayarwa a kasuwar hatsi?"

Eltayeb ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya cire hula ya share gumi.

"Wallahil azim, ce mini ta yi ɓarayi. Ta ce mace ce ita kaɗai da yara biyu, in ta zo da kanta za ka hana ta, ka ce ta dawo gidanka. Marigayi mijinta abokina ne, ya usta. Yaya zan ce mata a'a?"

"Ɓarayi," in ji Wada. Ya mayar da lakar cikin tsumma. "Tashi ka kai ni kasuwa."

Hantsi ya ɗaga, rana ta fara dukan kwano. Kaka ce, don haka hanyar kasuwar hatsi a cunkushe take da lorori ɗauke da buhunan riɗi, ma'aikatan gona zaune a samansu sun naɗe kawunansu da rawani. A shinge wani matashi mai bindiga ya leƙo cikin rakshar, ya taɓa ƙullin da bakin yatsa, ya ga laka ce, ya yi dariya ya ɗaga musu hannu.

Wada bai ji dariyar ba, hankalinsa yana kan kakar bara. Ɗanliti, mijin Ummusalama, ya tafi yankan riɗi a wata babbar gona a hanyar Gallabat, kamar yadda yake yi kowace shekara. Mutum ne mai yawan wasa, wanda ko akuya ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. Wata safiya ya zaga bayan tarin riɗi, mai gadin gonar, wani Abdelrahman, ya harbe shi a baya. Ya ce ya ɗauka ɓarawo ne. Wasu ma'aikata suka ce ƙarya ne, sun yi cacar baki daren jiya a kan ruwan sha. Amma ma'aikaci baƙo ne, yau yana nan gobe ya wuce, ba wanda ya tsaya ya ba da shaida. Dattawa suka zauna a gidan mai gonar, aka ci rago, aka ce kuskure ne. Rabin mazan unguwa a gonar mutumin suke samun aiki. Wada ne ya zauna a madadin dangi, kuma da hannunsa ya shafa fatiha. Tun ranar abin yana ci masa rai, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ya sami Ummusalama a inda take zama, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya kusa da ma'aunin lorori. Ga murhun gawayi, ga kwalabe jere da citta da kirfa da kanumfari, ga kujerun roba huɗu. Tana fifita wuta da hannun hagu.

"Lale, Yaya! Yau kai ne a kasuwa? Lafiya dai ko? Yaya Halima da yara?"

"Lafiya lau."

Ya zauna. Ta haɗa masa shayi da citta, ba sukari, yadda yake so. Ya jira wasu dillalai biyu suka shanye nasu suka tashi, sannan ya kwance tsumman ya ajiye lakar a tsakanin kofuna.

Ta dube ta, ta ci gaba da ɗauraye kofi.

"Na ce wa Tayeb kada ya fito da ita sai ya ga babu hanya."

"Kin zaci zan manta yatsan nan? Ni na fasa shi."

Ta ɗaga hannun ta duba kamar yau ta fara ganinsa. Har ta ɗan yi murmushi.

"Ni ce na manta, Yaya. Wallahi na manta. Na daɗe ina ganinsa har na daina ganinsa. Ni dai na tuna yadda Baba yake yi, na ce wannan ba za ka iya ƙi ba."

"Wa za ki harba, Ummusalama?"

"Ka sani."

"Ina so in ji daga bakinki."

Ta ajiye kofin. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata shi fiye da a ce kuka ta yi.

"Kowace Alhamis yana rako lorin ubangidansa. Kafin a gama awo sai ya zo nan. Kan kujerar da kake kai yake zama, ya jingine Kalash ɗinsa a jikin bishiya. Bai san ni ba. 'Ya hajja, ƙara sukari.' 'Ya hajja, shayinki tamam.' Makon jiya har labari ya ba abokinsa, yadda ya taɓa kayar da wani ɓarawo a gona da harbi ɗaya. Suna dariya. Ni na zuba musu na biyu."

Wada ya ji kujerar ta yi masa zafi. Yau Laraba.

"Ki tashi daga nan. Ki koma bakin tasha, can ma ana shan shayi."

"Ni zan tashi? Shi ya zauna?"

"Munira fa? Husain fa? Wa kika bar wa su?"

"Suna da kawu."

"Ke, ki saurare ni. Abin nan harbi ɗaya yake yi. Ɗaya tak. In kika kuskure, kafin ki ƙifta ido ya tashe ki."

"Daga nan zuwa kujerar nan, wa ke kuskure?"

"In ba ki kuskure ba, igiya ce. In ma an bari kin kai gaban alƙali ke nan. Kin ga yadda gari yake, kowa yatsansa a kan kunama."

"Na sani."

"To, ban yi. Magana ta ƙare. Yau ɗin nan zan mayar da ƙarfen wuta, in yi lauje da shi."

Ta gyara gawayi da ɗan awartakinta, wanda shi ya ƙera mata lokacin da ta fara sana'ar.

"Akwai wani a Showak mai haɗawa da bututun famfo. Ba ya tambayar hannun kowa. Motar azahar ta kai ni, ta la'asar ta dawo da ni."

"Nasa sun cire wa mutum biyu hannu!"

"Na ji. Shi ya sa na fara da gida." Sai a lokacin ta dube shi ido cikin ido. "Ban zarge ka ba, Yaya. Ka duba unguwa, ka duba bakin yaran mutane, ka shafa fatiha. Ni ba a kira ni ba, ina cikin takaba. Ban shafa ba."

Wani direba ya iso yana kiran a ba shi kofi mai citta. Ta amsa masa da fara'a, har da tambayar lafiyar hanya. Wada ya ɗauki lakarsa ya miƙe.

"Kada ki je Showak. Ki zo maƙera bayan la'asar."

"Allah ya saka da alheri, Yaya."

Bai nemi Eltayeb ba, da ƙafa ya koma, yana auna hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, kowace tana toshewa. In ya kai ƙara, ita za a fara ɗauka, sannan shi da maƙerarsa. In ya koma wa dattawa, sai su sake cin rago, maganar kuma ta isa kunnen Abdelrahman kafin magariba, daga nan ya san fuskarta. In ya kulle ta a ɗaki gobe, akwai wata Alhamis a bayan wannan. Ya san ƙanwarsa. Yarinyar da aka fasa wa yatsa da masaba, ta ɓoye hannun a cikin zane har dare don kada Baba ya doki yayanta, ba a juya ta da magana.

Akwai kuma hanyar da ta fi sauƙi, ita ce ta fi muni. Zai iya sa kunamar daidai yatsanta, ya lalata aikin daga ciki, ta ja a ji ƙas, ba wuta. Ya tsaya a gefen hanya ya ga abin a idonsa: ta fito da bindiga daga ƙarƙashin mayafi, ta ja, shiru, mutumin ya miƙa hannu jikin bishiya. Kashe ta ne da hannunsa. Ya yi a'uzubillahi ya ci gaba da tafiya.

Ya yi sallar azahar bai san me ya karanta ba. Ya aika wa matarsa Halima cewa ba zai zo cin abinci ba. Ya ja ƙyauren maƙera ya bar ɗan tsagi don haske. Lakar ya jefa cikin kwamin ruwan da yake tsoma ƙarfe, ya tsaya har ta narke.

Sannan ya ɗauki bindigar da hannun dama. Ƙotar tana nan da kaurinta, don bai rage ta ba tukuna, yana jiran mai ita. Ta cika masa tafi daidai. Ya miƙe manuniyarsa, ya lanƙwasa, ya ɗauki gawayi da hagu ya yi alama a inda ta faɗa. Ba wanda zai kama masa wuyan hannu.

Ya gaya wa kansa cewa dabara ce kawai. Zai kai kunamar inda yatsanta ba zai kai ba, ta ga ya yi aikin, ta rasa abin cewa, gobe ta wuce, ya samu mako guda na lallashi. Haka ya yi ta gaya wa kansa yana huda, yana goga da magagari. Sai dai wanda ke son ɓata aiki ba ya gwada shi sau goma. Wada ya cire, ya goge, ya mayar, ya ɗiga mai, ya sake ja, har kunamar ta zama ba ta sanɗa ba ta tauri, tana jiran yatsa ya yanke shawara sannan ta bi. Tun da yake bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Da ya lura da haka, tsoron kansa ya kama shi, amma bai ajiye magagarin ba.

Ta iso bayan la'asar da kwandon kofunanta a kai. Ta sauke a bakin ƙofa, ta yi sallama, ta shigo. Rabonta da shiga maƙerar tun rasuwar mahaifinsu.

Ya miƙa mata bindigar.

Ta karɓa da hagu. Yatsunta ba su zagaye ƙotar ba. Ta miƙa manuniya, ta tsaya a iska, tsakaninta da kunamar akwai faɗin yatsu biyu. Ta gyara riƙo, ta sake miƙawa, bakin bindigar ya sunkuya ƙasa. Ta mayar dama, ya fi muni. 'Yar maƙeri ce, ba ta buƙaci gwaji na huɗu ba.

"Wannan ba awona ba ne."

"A'a."

"Ka yi mini wasa da hankali, Yaya? Ka tsare ni har motar Showak ta wuce?"

Ya karɓi bindigar daga hannunta. Bai yi niyyar nuna mata komai ba, hannunsa ne kawai ya rufe a kan ƙotar, yatsan ya kwanta a wurinsa. Ta bi hannun da kallo. Ya ga fushin ya bar fuskarta, wani abu ya maye gurbinsa, abin da bai gani ba ko da safe da ya ambaci igiya.

"Da wane lokaci yake zuwa?" ya tambaya.

"Yaya..."

"Da hantsi, ko sai an yi azahar?"

"Kana da Halima. Kana da yara biyar. Ni ban ce kai ba. Wallahi ban ce kai ba."

"Ni na shafa fatihar."

Ta dafa bango. A waje wata lori ta wuce, kwanon rufin ya yi rawa, toka ta zubo daga sama. Ta yi magana da sauri, idonta a ƙasa.

"Ba ya zuwa gobe. Na manta ban faɗa maka ba. An ce an mayar da shi wata gona can wajen iyaka. Ya daina zuwa kasuwa gaba ɗaya."

Tun tana yarinya ba ta iya ƙarya ba. Wada ya naɗe bindigar a cikin tsumma, ya ɗaure, ya ajiye a ƙasan kwandon laujen da zai kai kasuwa.

"To, madalla," ya ce. "Ki ajiye mini kujera. Gobe a wajenki zan sha shayi."